Banshar da Hannu: Tambayoyi da Amsoshi kan Tsofaffin Kayan Cire Taya

Tun da wutar lantarki ta koma sai an ga dama, rumfarmu ta banshar a Gadarif ta sake cika da samari masu tambaya. Injin cire taya da maƙwabcina ya sayo da kuɗi masu nauyi yana nan an lulluɓe shi da buhu, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Mu masu liba (ƙarfen ɓamɓare taya daga wili) da guduma, da ake yi wa kallon mutanen da, mu ake nema yanzu. Ni a hannun Baffana na koyi sana'ar nan, shi kuma ya koya wurin direbobin lori tun hanyar Madani ba ta ga kwalta ba. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini, wasu a rumfa, wasu ta waya daga Kasala, Sinnar da Maiwurno, har da 'yan uwa mazauna Makka da Jidda.

Usta, me ya sa a nan ake cewa banshar, 'yan uwanmu na Najeriya kuma su ce faci ko bakaniza?

Duk daga bakin Turawan Ingila aka tsinto su. Kalmarsu ta hujewar taya ita ce ta zama fanca a Kano, ta zama banshar a Sudan da Saudiyya, mai yin aikin kuma ya zama bansharji. Bakaniza kuwa ta samo asali ne daga dabarar gasa roba da farar wuta don ta yi ƙwari, wadda Ba'amurke Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844. Taya a nan lastik muke jin ana ce mata, a Saudiyya kuma kafar. Jak shi ne afrita, kuma duk wanda ya raɗa sunan nan ya iya raɗa suna: ɗan ƙarfen da bai kai tulu ba ya ɗaga lori da kayanta, ai dole a haɗa shi da ifiritu.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce istibna, sunan da ake kiran safaya da shi a Saudiyya da Masar. Motocin farko ba sa zuwa da safaya. In ka yi fanca, nan gefen hanya za ka zauna ka cire ka liƙe. A 1904 wasu 'yan uwa biyu masu suna Davies, a garin Llanelli na yankin Wales, suka ƙera wata taya da ake maƙala ta a jikin wadda ta sace, a lallaɓa a isa gida. Shagonsu yana titin Stepney, sai tayar ta ci sunan titin. Direban da ke cewa istibna a Makka yau, sunan wani layi a Birtaniya yake kira bai sani ba.

Baba, waɗanne kaya ne dole in ajiye a boksina, wato motata a-kori-kura?

Jak, sifanar taya, bututun ƙarfe da za ka zura sifanar a ciki don ƙarin tsawo, guntun katako mai kauri, weji biyu, liba uku, guduma, famfo, geji, ɗan makullin cire allurar bawul, faci da sholisho, magagari ko samfefa, sabulu, alli, da tiyub sabo guda. Ban lissafa ruwa ba, don wanda zai shiga dajin Butana ba ruwa ba ni da abin gaya masa.

Liba uku na ce, biyu gajeru ɗaya doguwa. Da biyu ma ana yi, amma za ka yi ta neman hannu na uku. Libar da ta fi kowace a wurina ita ce wadda maƙeri ya fitar daga tsohon sifirin mota. Ƙarfen sifirin an yi shi ne don ya lanƙwasa ya dawo, shi ya sa ba ya karyewa kuma ba ya zama a tanƙware. Sai dai a sa maƙerin ya dakata da kyau a kan bakin: ya yi faɗi kamar cokali, ya yi sumul, kada a bar masa kaifi ko kaɗan. Libar Baffa tana hannuna har yanzu, wurin riƙonta ya yi sheƙi kamar an shafa mai, tsabar tafin hannun da ya goge shi. Sukurdireba ba liba ba ce. Duk yaron da na gani ya cusa ta a leɓen taya, wato bakinta da ke kama wili, ranar shi zai share rumfa.

Makullin allurar bawul shi ne ƙarami a cikinsu, shi ne kuma ya fi ɓata. Ka ɗaure shi a jikin makullin mota. Bawul ɗin nan irin na Schrader ne, tun shekarun 1890 ake amfani da shi, kuma allurarsa kusan iri ɗaya ce a babur, boksi da lori, saboda haka makulli ɗaya ya ishe ka.

Noti ya ƙi kuncewa, na hau sifana da ƙafa har ta lanƙwasa. Me zan yi?

Kafin komai, wace mota ce, kuma wane gefe? Tsofaffin lorin Ingila da manyan motocin Japan na da, notin gefen hagunsu juyayye ne: in ka murɗa shi yadda ka saba kuncewa, ƙara ɗaure shi kake yi. Ka goge kan ƙusar da notin ke hawa da tsumma ka duba, sau da yawa za ka ga harafin L a buge. Na sha ganin musa'idi, wato yaron mota, ya yi ta tsalle a kan bututu a gefen hagun Sifinja har ƙusa ta tsinke, yana zagin wanda ya ɗaure. Sifinja, ga waɗanda ba 'yan nan ba, ita ce Bedford TJ da aka fara ƙerawa a 1958, wadda makanikan Sudan suka sake wa fasali har ta zama tasu, aka sa mata sunan silifas ɗin soso saboda laushin tafiyarta.

In ba juyayye ba ne, to tsatsa ce ko an wuce ƙima wajen ɗauri. Ka ɗiga masa kananzir ko gas ka ba shi ɗan lokaci. Ka tallafi wuyan sifanar da dutse ko katako don kada ta zame ta cinye kafaɗun notin, sannan ka danna bututun a hankali da nauyin jikinka, ba da tsalle ba. Kuma tun taya tana ƙasa ake sassauta noti, kafin a sa jak. Wuta kuwa kada ka kusanto da ita matuƙar taya tana jikin wilin.

A harif, wato damina, jak nutsewa yake yi a laka. Akwai dabara? In kuma babu jak ɗin gaba ɗaya fa?

Ƙasar Gadarif kowa ya san halinta. Da rani ta dare har ƙafar yaro ta shige, da damina ta kwaɓe ta zama kamar tuwo. Jak gindinsa ƙarami ne, nauyin mota duk a nan yake taruwa, shi ya sa nake cewa katako. In babu katako, ka kwantar da safaya ka ɗora jak a kan ƙarfenta, ko ka share lakar sama har ka kai ga ƙasa mai ɗan ƙarfi ka jera duwatsu. Ka sa giya, ka ja birkin hannu, ka sa weji gaba da bayan tayar da ke can ɗaya kusurwar. Da ka ɗaga, ka tura safaya ko kututture ƙarƙashin sashi, wato ƙarfen da jikin mota ke zaune a kai. Jak mai mai yana iya saki ba sallama, kada ka taɓa shigar da jikinka ƙarƙashin motar da shi kaɗai ke riƙe da ita.

In babu jak, sai a yi irin ta mutanen da: maimakon a ɗaga mota, a saukar da ƙasa. Ka sassauta noti, ka jera duwatsu ko katako ƙarƙashin gatari, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin, har su tokare shi, sannan ka haƙa rami ƙarƙashin tayar har ta yi reto. Ka tuna sabuwar tana da iska, ta fi wadda ta sace girma, sai ka ƙara zurfin ramin kafin ka sa ta. Aiki ne na gumi, amma ya fitar da mutane da yawa daga dajin Samsam da Doka.

Masu lori mai taya bibbiyu suna da tasu: su hau da tayar ciki kan katako, ta waje ta tashi. Wannan yana halatta ne kawai a motar da tayar ciki take da nata notin daban, irin mai kai huɗu na motocin Japan. In noti ɗaya ne ke riƙe da duka biyun, ka manta da wannan dabarar.

Leɓen taya ya manne da wili, yaya ake raba su ba inji?

Ka cire allurar bawul iska ta fita ƙaf, ka zuba ruwan sabulu a zagayen. A rumfa muna da guduma mai faɗin baki da muke sara a daidai inda roba ta haɗu da ƙarfe, ko mu sa guntun ƙarfe mai kusurwa mu riƙa bugunsa muna zagayawa. Wannan sai da hannun da ya saba, don kuskure kaɗan ne tsakanin bugun roba da lotsa bakin wili.

Kai da kake kan hanya, motarka ce injinka. Ka kwantar da tayar ƙarƙashin sashi, ka ɗora gindin jak a kan gefen robar, daf da bakin wili amma ba a kansa ba, ka buga jak. Maimakon mota ta tashi, nauyinta zai danna leɓen ƙasa, za ka ji ya ce ɓas. Ko ka jingina katako a kan gefen tayar ka hau shi da wata motar sannu a hankali. In bai saki ba, ka juya tayar ka sake a wani wurin. Gefe biyu ake saki, kuma na ciki ya fi gardama.

Na ga tsoho ya cire taya cikin minti kaɗan ba ko gumi, ni kuwa na yi awa ina kokawa har na yaga leɓen. Ƙarfi ne ba ni da shi?

Ƙarfin ne ma ya yi maka yawa. Ka ɗauki wili mara taya ka dube shi daga gefe. Za ka ga tsakiyarsa ta faɗa ciki, akwai wani kwari da ya zagaye shi. Duk sana'ar nan a cikin kwarin nan take.

A cikin leɓen taya akwai wayar ƙarfe da aka naɗe, ba ta miƙewa ko kaɗan, kuma zagayenta bai kai na bakin wili ba. To ta yaya ƙaramin zobe zai tsallake babban baki? Sai in ka tura gefe ɗaya na leɓen ya faɗa cikin kwarin, inda wilin ya fi siranta. Nan take ɗaya gefen zai sami sarari. Kamar maɓallin riga ne: ba ka faɗaɗa kafar, karkata shi kake yi ya wuce. Wani Bature mai suna Charles Welch ne ya fito da wannan a 1890 don keke, daga baya ta bazu zuwa ƙananan motoci.

Ga yadda nake yi. Na kwantar da wili, gefen da kwarin ya fi kusa da baki yana sama. In ka kifa shi, ko ku biyar ne ba za ku cire ba. Na shafa ruwan sabulu a leɓe da bakin wili. Na durƙusa da gwiwoyina biyu a kan tayar a gefen da ke kallon bawul daga nesa, har in ji leɓen ya shige kwarin. Sannan na sa liba ta farko kusa da bawul na ɗaga, na danne ta da ƙafa. Ta biyu na sa ta nesa da ta farko da kamar faɗin tafin hannu, ba fiye ba. Ƙananan loma ake yi. Bayan uku ko huɗu, sauran da hannu ma yana fita. Wajen mayarwa kuma a bawul nake ƙarewa.

Ga ma'aunin da Baffa ya ba ni: duk lokacin da ka ji liba ta yi nauyi har kana son ka hau ta, ka tsaya, leɓen ya fito daga kwari ne. Ka koma ka danna shi. Ranar da na fara, yana zaune a kan benci da kofin shayinsa yana kallona ina ta nishi, bai ce uffan ba sai da na jiƙe sharkaf. Sannan ya taso, ya ɗora diddigensa ɗaya a bayan tayar, ya ce, “To ɗaga, ɗana.” Libar ta tafi kamar a cikin man shanu, saura kaɗan in faɗi ta baya.

Sabulu na ce, ba baƙin mai ba, ba giris ba. Mai yana cin roba, kuma ba ya bushewa, sai taya ta riƙa zamewa a kan wili ta tsinke bawul ɗin tiyub. Masu sababbin motoci kuma su sani, wasu suna da na'urar auna iska maƙale da bawul ta ciki, liba tana fasa ta.

Kullum na mayar da tiyub sai in tarar na cije shi da liba.

Ba kai kaɗai ba ne. Ka ɗan hura masa iska kafin ka sa, daidai yadda zai yi siffarsa ya daina naɗewa. Ka barbaɗa masa hoda, ko ta jarirai ce, don ya zame ya zauna. Kada ka zura liba da zurfi, bakinta kawai ake so ya kama leɓe, kuma kada ka tura ta ta wuce tsaye. Ƙarshen leɓen, in ka iya, da diddige ko gudumar roba ake ƙarasa shi.

Sannan kafin ka cire taya ka yi mata alama da alli a daidai bawul. In ka gano hujin a tiyub, sai ka ɗora shi a kan tayar ka san inda za ka nemi abin da ya soke ta. Ƙayar aduwa da ta dushe suna karyewa a cikin roba, kansu kaɗai ke leƙowa, haka ma tushiyar karan dawa bayan girbi. Ka shafa cikin tayar da tsumma, zai maƙale a wurin. Da hannu tsirara waya za ta yanke ka. Wanda bai cire ƙayar ba, kafin ya kai Fau zai sake zama.

Facin wuta da facin sanyi, wanne ya fi?

In an yi su daidai, duka suna riƙewa. Na wuta shi ne na iyayenmu, kuma har yanzu ina yinsa a kan babban yagewa. Ana kankare wurin da magagari, a shafa sholisho, a yanko ɗanyen roba a ɗora, a rufe da takarda don kada ya manne wa ƙarfe. Sai a matse shi a ƙarƙashin tsohon fistin mota da aka kifa, a zuba kananzir kaɗan a cikin kwarin fistin a kunna. Zafin yana ratsa ƙarfen ya gasa ɗanyen robar har ta zama jiki ɗaya da tiyub. Zafin da ake so yana wajen digiri 140 zuwa 150, amma mu ba mu taɓa mallakar ma'auni ba. Baffa murfin gwangwani yake awon kananzir da shi, in wuta ta cinye ta mutu sai ya ɗiga ruwa a jikin fistin ya saurari ƙarar. Ba a buɗewa sai ya huce. In ka yi gaggawa robar tana nan ɗanya, in ka zuba mai da yawa ka ƙone tiyub ɗin mutane. Da can har akwai wani faci da ake sayarwa da ɗan farantinsa na gwangwani mai abin kunnawa a ciki, direba ya matse shi ya ƙyasta ashana a gefen hanya.

Na sanyi, irin su Tip Top, sinadarin da ke cikin ruwan ne yake yin aikin wuta. Yawancin wanda ya ce facin sanyi ba ya riƙewa, shi ne bai jira ba. Ka kankare wuri ya fi facin faɗi, ka shafa ruwan siriri, ka bar shi ya bushe har ya daina sheƙi, kada ka taɓa da yatsa, kada ka hura da baki. Sannan ka ɗora ka murje shi daga tsakiya zuwa gefe.

Abin da ba na so shi ne a yanko tsohon tiyub a liƙa da sholisho a kira shi faci. Yawancin tiyub na yanzu robar masana'anta ce, ba ta kama gam yadda ta itace take yi. Zai kai ka gari da safe, amma da rana ta take, kwalta ta yi zafi, sai ya ɗago.

Baba, me ya sa kake korar mutane daga rumfa in za ka ba tayar lori iska?

Ka ɗaga kanka ka dubi kwanon rumfar. Hujin nan da rana ke shigowa ta ciki na ƙi liƙe shi da gangan.

Wilin tsofaffin lori, masu taya irin 9.00-20 da 12.00-20, da na wasu Land Cruiser masu 7.50-16, ba shi da kwarin da na yi bayani. Tayar ta yi kauri da yawa, ba za ta tsallake baki ba. Saboda haka aka yi bakin gefe ɗaya ya zama zobe mai cirewa: a zare zoben, a zura taya da tiyub da falaf (robar da ke kare tiyub daga ƙarfen wili), a mayar da zoben cikin gurbinsa. A daji wannan alheri ne, don da liba biyu da guduma mutum ɗaya zai gama. Amma iskar tayar lori tana kai 100 a geji ko fiye, sau uku na ƙaramar mota, kuma duk ƙarfin nan, tan da yawa, a jikin zoben yake jingine. In bai zauna daidai ba, fita yake kamar harsashi.

Ina ɗan shekara goma sha biyar wata lori ta zo da lodin riɗi, direban yana ta azalzala. Baffa ya tafi sallar la'asar. Na ce bari in nuna na iya. Gurbin zoben ya cika da tsatsa da busasshiyar laka, ban goge ba, na buga shi ya shiga rabi da rabi, na sa tiyo na tsuguna a kansa ina kallon geji. Ban ji shigowar Baffa ba, sai dai na ji an fizgo wuyan rigata ta baya. Ban gama faɗuwa ba abin ya tashi. Kunnuwana sun kwana suna kuka. Zoben a bayan rumfa aka tsinto shi, kusa da kujerun mai shayi, Allah ya sa ba kowa a kai. Baffa bai dake ni ba. Ya ɗauko zoben ya miƙa mini ya ce in riƙe in ji nauyinsa.

Tun daga ranar ga ƙa'idata. Kafin a kunce noti ko ɗaya, a cire allurar bawul iska ta fita duka. In taya bibbiyu ce, duka biyun, don tsagaggen wili na ciki wani lokaci na waje ne kaɗai ke tare shi. A goge gurbi da zobe da burushin waya har ƙarfe ya fito. Zoben da ya tanƙware, ya tsage, ko na wani wilin daban ne, a jefar. Ba a gyara shi, ba a yi masa walda. Wajen ba da iska a sa a keji, in babu a zarga sarƙa mai kauri ta kafofin wili a wurare biyu ko uku, zoben yana kallon ƙasa. Tiyon ya zama dogo mai kama bawul da kansa, kai kana gefe, ba a gaba ba. A ba da iska kaɗan a tsaya a duba zagayen. In bai zauna ba, a sace iskar a sake, kada a ce za a daidaita shi da guduma alhali da iska a ciki. Tayar da aka yi tafiya a kanta a sace kuma ba a ƙara mata iska a jikin mota, sai an sauke an buɗe.

Walda a jikin wilin da ke da taya ma haka take, ko da an sace iskar. Zafi yana sa robar ta fara fitar da iskar gas ta ciki, tana iya fashewa bayan an ɗauke wutar, lokacin da kowa ya saki jiki.

Na gani a waya ana watsa fetur a tayar tubules, wato mara tiyub, a ƙyasta ashana ta zauna. Ya halatta?

Tana zama, ban musa ba. Gira da gemu ma suna tafiya, wani lokacin da leɓen tayar. Ba wanda ya san ƙarfin da fashewar za ta yi, kuma wayar da ta tsinke a ciki ba a ganinta sai a kan gudu. Tubules, wadda kamfanin BF Goodrich ya fito da ita a 1947, matsalarta ɗaya ga mai famfon hannu: sai leɓe ya taɓa wili iska take tsayawa. Ka zagaye bayan tayar da igiya mai ƙarfi, ka sa sanda ka murɗa. Tsakiya na matsewa, leɓɓan suna buɗewa su kama. Ka shafa sabulu mai kauri, ka cire allurar bawul don iska ta shiga da yawa, da ta fara kamawa ka saki igiyar. Kada ka wuce 40 a geji don tilasta leɓe. In duk ya ƙi, ka sa tiyub ka isa gari. Kuma ka karanta lamba: taya 16 ba ta hawa wili 16.5, ko da ta yi kamar ta hau.

Famfon hannu zai iya cika tayar mota kuwa?

Ta ƙaramar mota, wadda take son 30 zuwa 35, zai cika, sai dai ka yi bugu ɗaruruwa. Ku yi karɓa-karɓa. In famfon ya daina ja, yawanci fatar da ke cikinsa ce ta bushe. Ka ɗiga mata mai ta kumbura, ko baduku ya yanko maka wata. Direbobin lori daga tankin iskar birki suke jan tiyo. Akwai kuma wani tsohon famfo da ake ɗaurawa a gurbin fulogi, a tayar da inji ya riƙa bugawa, na daɗe ban ga irinsa ba. Wasu suna cika safaya fiye da ƙima kaɗan don su riƙa ɗiba da tiyo mai baki biyu.

Yaya zan san na ɗaure noti daidai?

Ƙaramar mota tana son abin da bai wuce nauyin kilo 35 zuwa 40 ba a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 30, wato ƙarfin hannun namiji ba tare da bututu ba. In mutum mai kilo 70 ya tsaya a ƙarshen bututu mai mita ɗaya, ya ninka hakan kusan sau shida. Wannan awon babbar lori ne, a boksi kuwa ƙusa yake miƙarwa. Bututu na kuncewa ne. Ka fara ɗaura kowane noti da hannu, gefensa mai tsini yana kallon wili, ka bi su tsallake-tsallake ba a jere ba, ka sauke mota ka ƙarasa. Bayan kilomita 50 zuwa 100 ka tsaya ka sake bi.

Gaskiya ne ana cusa ciyawa a taya?

Ana yi, in tiyub ya yi kaca-kaca kuma ba wani. A ɗaga leɓe ɗaya, a dunƙula ciyawa ko tsummoki a cusa a danna sosai, a mayar. Tafiyar jaki za ka yi, kana tsayawa kana taɓawa saboda zafi, kuma tayar ta gama aiki daga ranar.

Zan sayi taya ta hannu, zanenta yana nan da kyau. Me zan duba?

Shekarunta. A gefenta, ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In lamba uku ce, an yi ta kafin 2000, ta masu yanka takalmi ce. Ranar Sudan tana busar da roba tun zane bai cinye ba, don haka ka matsa gefen da hannu ka ga ko ƙananan tsagu za su buɗe. Ka leƙa ciki ka nemi faci a gefe, ka bi leɓen da yatsa ka ji ko libar wani ta taɓa yaga shi. In mai sayarwa ya hana ka juya ta ka duba ciki, ka ba shi sallama ka matsa rumfa ta gaba.